Daga Berliet zuwa kwamfuta: tarihin masu gyaran pompon kamiyo

Duk lokacin da aka zo maganar tarihin sufuri a Nijar, sai in ji ana ambaton alhazai masu motoci da direbobi, ba a cika tunawa da mai gyara ba. Ni kuwa a ganina, ƙasar da ba ta da teku, wadda kusan duk kayanta a bayan kamiyo suke shigowa, makanike ne ya riƙe ta.

A shekarun 1950, gyaɗar Maradi da Damagaram ce ta cika hanyoyi da manyan motoci. Wasu su nufi Kano inda jirgin ƙasa yake, wasu su yi Parakou a ƙarƙashin shirin da Faransawa suka kira Hirondelle. Motar da ta yi suna a lokacin ita ce Berliet, ƙirar birnin Lyon, wadda ayarinta ya ratsa Tenere tsakanin 1959 da 1960. A 1978 aka haɗe Berliet da Saviem a ƙarƙashin Renault, amma tsofaffin direbobi ba su daina kiran sunan ba.

Zuciyar irin waɗannan motoci ita ce pompon gazuwal, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙerawa da yawa a 1927. Aikinsa shi ne ya matse mai da ƙarfi, ya auna wa kowane silinda rabonsa, ya tura a daidai lokacin da ake buƙata. Ƙura da ruwa su ne manyan abokan gabarsa, mu kuwa ga hazon hunturu, ga man da ake ɗurawa daga tano a bakin hanya. Shi ya sa gwanin pompo ya zama mai daraja a garaji. Da kunne yake gane ciwo, da launin hayaƙi yake tabbatarwa. Yaro ya shekara yana wanke ƙarafa kafin maigida ya bar shi ya taɓa pompo.

Da aka buɗe hanyar uraniyom daga Tawa zuwa Arlit, sannan matatar SORAZ ta fara aiki a 2011, sitarni suka ƙaru, aiki ya ƙaru. Sai dai motar ta sauya. Tun daga shekarun 1990 aka shigo da tsarin da kwamfuta ke sarrafa feshin mai, kuma shi ne a cikin yawancin sababbin kamiyo. Kunne kaɗai ba ya isa. Sai an jona na'ura ta karanto laifin.

Abin da ke damuna shi ne ƴan koyo. Tsofaffin gwanaye suna tafiya da iliminsu ba a rubuta ba, sabon ilimin kuma bai iso yawancin garajojinmu ba. Ya kamata makarantun koyon sana'a su jawo waɗannan dattawa su zauna da matasa masu na'ura tun suna da rai. In ba haka ba, ranar da pompo ya tsaya tsakanin Agadas da Arlit, sai a jira mai gyara daga wata ƙasa.