Masu rawa a birnin Zazzau: daga sarautun sana'a zuwa ƙungiyar zamani

Tun kafin a san rajistar ƙungiyoyi, masu kiɗa da wasa a birnin Zazzau suna da tsarin shugabanci. Makaɗa na da Sarkin Makaɗa, 'yan tauri na da Sarkin Tauri, maroƙa kuma na bin Sankira. Shugaban sana'a ke sasanta rigima, shi ke magana da yawun mabiyansa a fada. David Ames, wanda ya yi bincike a Zariya, ya bayyana wannan tsari a littafin da suka wallafa da Anthony King a 1971.

Matasan da ke rawa a bukukuwa da finafinai da TikTok ba su cikin wannan tsari. Kowa kansa yake yi wa ciniki, galibi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba.

Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta ba mai wasa ikon hana a naɗi wasansa ko a watsa shi ba da izininsa ba. Sai dai bin wannan haƙƙi a kotu na cin kuɗi. Nan ƙungiya mai rajista da asusu da lauya take da amfani, domin tsintsiya sai da maɗauri take shara.