Layin Zaɓe a Amurka: Daga Talatar Manoma Zuwa Jiran Awa Goma



Idan aka ce tarihin zaɓe, hankalinmu kan tafi ga wanda ya ci da wanda ya faɗi, ko ga dokar da ta ba wasu 'yancin ƙuri'a ta hana wasu. Da wuya mu tambayi awa nawa mutum ya yi a tsaye kafin ya isa gaban akwati. Alhali kuwa jiran nan shi ma biya ne, kuma ba kowa ke biya daidai ba. Leburan da ake biya da awa, da uwar da ta baro yara a gida, da tsoho mai ciwon gwiwa, sun fi mai albashin wata jin nauyinsa. A makon nan za mu bi tarihin wannan jira a Amurka, inda aka daɗe ana jayayya a kansa a majalisu da kotuna, har aka kai ga ƙirga shi minti-minti.

Mu fara da ranar zaɓen kanta. Kafin 1845 kowace jiha tana da kwana 34 da za ta zaɓi ranar da ta ga dama a ciki, ta yi zaɓen shugaban ƙasa. Illar hakan ita ce sakamakon jihar da ta riga yi yana iya karkatar da masu zuwa a baya. Don haka a watan Janairun 1845 Majalisar Dokokin ƙasar ta tsayar da rana guda: Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba. An yanka wannan rana ne daidai da rayuwar manomi. A Nuwamba an gama girbi, sanyi bai yi tsanani ba. Lahadi ranar coci ce, Laraba ranar kasuwa ce a garuruwa da yawa, manomi kuma yana buƙatar wuni guda a kan doki kafin ya isa hedikwatar gunduma. To, sai ya tashi Litinin, ya yi zaɓe Talata. Daga baya jama'a suka koma birane da masana'antu, Talata ta zama tsakiyar makon aiki, amma dokar tana nan, kuma har yau ranar ba hutun ƙasa ba ce.

Yaƙi ne ya fara karya ƙa'idar rana ɗaya da wuri ɗaya. A zaɓen 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, jihohi 19 na ɓangaren Arewa suka yarda sojojinsu su kaɗa ƙuri'a daga sansani, kimanin soja 150,000 suka yi, mafi yawansu kuma Abraham Lincoln suka zaɓa. Daga nan aka ci gaba da faɗaɗa wannan dama ga marasa lafiya da matafiya, amma da sharaɗi: sai mutum ya kawo uzurin da doka ta yarda da shi.

A kudancin ƙasar kuwa, jira kansa ya taɓa zama makami. A garin Selma na jihar Alabama, baƙaƙen fatan da ke da rajista a gundumar ba su kai kashi 2 cikin 100 na waɗanda suka isa zaɓe ba, ofishin rajista kuma kwana biyu kacal yake buɗewa a wata. Ranar 7 ga Oktoba 1963 mutum sama da 300 suka yi layi a gaban kotun gunduma don su yi rajista. Suka wuni cikin rana, 'yan sandan Jim Clark suka ce duk wanda ya fita layi don neman ruwa ko bayan gida ba zai dawo ba. Wasu samari biyu da suka yi ƙoƙarin kai musu abinci da ruwa, aka lakaɗa musu duka aka kama su. Kafin a rufe ofis, 'yan ƙalilan ne suka samu shiga. Marubuci James Baldwin yana wurin ranar, haka ma masanin tarihi Howard Zinn, wanda ya rubuta abin da ya gani awa bayan awa. Irin wannan ta'asa ce ta haifar da Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965, wadda ta tilasta wa jihohin da aka sani da wariya su nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su canja kowace ƙa'idar zaɓe, ko da matsar da rumfa ne daga wannan titi zuwa wancan.

Zaɓen wuri kamar yadda aka san shi yau bai daɗe ba. A 1978 Kalifoniya ta cire sharaɗin uzuri ga mai son aika ƙuri'a ta gidan waya. A 1987 Teksas ta buɗe wa kowa ƙofar zuwa da ƙafarsa ya yi zaɓe kwanaki kafin ranar. A 1998 mutanen Oregon suka amince a koma zaɓe ta gidan waya gaba ɗaya. Kowace jiha da nata, domin Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda ɗaya da ke gudanar da komai. Jihohi ke yin doka, dubban gundumomi da garuruwa kuma su ke sayen na'ura, su ɗauki ma'aikata, su yanke yawan rumfuna daga aljihunsu. Wannan ne ya sa maƙwabta biyu kan sha bamban: ɗaya ya gama cikin minti biyar, ɗaya ya wuni.

Zaɓen 2004 a jihar Ohayo ya nuna wannan ƙarara. A ƙauyen Gambier, inda kwalejin Kenyon take, an kai na'ura biyu ga masu rajista kimanin 1,300, ɗaya kuma ta lalace na wani lokaci. Mu yi lissafi. A ce kowane mutum yana ɗaukar minti biyar, na'ura ɗaya za ta sallami mutum 12 a awa. A awa 13 da rumfa ke buɗe, na'ura biyu ba za su wuce mutum 312 ba. Ke nan tun ranar da aka raba na'urori aka riga aka haifi layin. Ɗalibai sun yi har awa goma a tsaye, na ƙarshe suka kaɗa ƙuri'a wajen ƙarfe huɗu na asuba. A unguwannin baƙaƙen fata na birnin Columbus ma an sha dogon layi cikin ruwan sama. George W. Bush ya ci jihar da ratar ƙuri'a kimanin 118,000, da ita kuma ya ci zaɓen. A 2005 majalisar jihar ta buɗe zaɓen wuri na kwana 35 ba tare da neman uzuri ba.

Fulorida ta bi hanyar ne a juye. A 2008 tana da kwana 14 na zaɓen wuri, jama'a suka yi cincirindo har Gwamna Charlie Crist ya ƙara awannin daga 8 zuwa 12 a rana. Cocin baƙaƙen fata sun riga sun kafa al'ada: ranar Lahadi bayan an tashi daga ibada, sai a cika motoci a wuce rumfar zaɓe tare. A 2011 majalisar jihar ta rage kwanakin zuwa 8, ta kuma cire Lahadin ƙarshe kafin zaɓe, Gwamna Rick Scott ya sa hannu. Ga shi takardar ƙuri'ar 2012 ta yi tsawo, ɗauke da gyare-gyaren tsarin mulkin jihar har 11 da mutum zai karanta. A wasu rumfunan Miami an kai bayan tsakar dare ana zaɓe, bayan an riga an san wanda ya ci. Theodore Allen na Jami'ar Jihar Ohayo ya yi wa jaridar Orlando Sentinel ƙiyasi cewa aƙalla mutum 201,000 ne suka haƙura saboda layi. Wata tsohuwa 'yar asalin Haiti mai shekara 102, Desiline Victor, ta yi awanni a layin zaɓen wuri, ta koma gida, ta sake dawowa ta kaɗa ƙuri'arta. Barack Obama ya gayyace ta zauren Majalisa a Fabrairun 2013, a shekarar kuma Fulorida ta sake ba gundumomi damar yin kwana 14.

Alƙaluman zaɓen 2012 sun ƙara fito da hoton. Binciken Charles Stewart na jami'ar MIT ya nuna matsakaicin jiran farar fata minti 12 ne, na masu tsatson Latin Amurka minti 19, na baƙar fata minti 23. Obama ya kafa kwamiti ƙarƙashin lauyoyi biyu, Bob Bauer na Dimokurat da Ben Ginsberg na Rifablikan. A Janairun 2014 suka ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa, cewa bai kamata wani ya jira fiye da minti 30 ba, suka kuma ba da shawarar faɗaɗa zaɓen wuri.

Sai dai kafin rahoton ya fito, Kotun Ƙoli ta riga ta canja filin. Ranar 25 ga Yuni 2013, a shari'ar gundumar Shelby, alƙalai biyar cikin tara suka soke ma'aunin da ke tantance jihohin da dole su nemi izini. Cikin 'yan makonni Karolina ta Arewa ta rage zaɓen wuri daga kwana 17 zuwa 10. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe dokar, bayan ta gano 'yan majalisar sun nemi alƙaluman yadda kowane jinsi ke zaɓe, sannan suka datse hanyoyin da baƙaƙen fata suka fi bi. A Maris na shekarar, gundumar Maricopa ta Arizona ta buɗe rumfa 60 a zaɓen fid da gwani, a maimakon 200 na 2012, da hujjar tsimin kuɗi. Mutane suka yi har awa biyar a layi.

Annobar korona ta sa a 2020 mutum sama da miliyan 100 suka kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, daga cikin kimanin miliyan 158. Duk da haka, ranar farko ta zaɓen wuri a Jojiya wasu sun haura awa goma a tsaye. A 2021 jihar ta yi sabuwar doka mai fuska biyu. Ta ƙara Asabar ta biyu cikin ranakun zaɓen wuri na dole, ta kuma umurci mazaɓar da ke da mutum sama da 2,000, idan jira ya wuce awa ɗaya, a raba ta ko a ƙara mata kayan aiki. Amma ta haramta miƙa wa mai layi ruwa ko abinci a kusa da rumfa. Masu goyon baya suka ce don a hana yaƙin neman zaɓe ne ta bayan fage. Waɗanda suka san labarin Selma kuwa, ba su ji shi haka ba. A 2023 wani alƙalin tarayya ya dakatar da wani sashe na haramcin.

Adalci ne mu faɗi cewa zaɓen wuri ba maganin komai ba ne. Yana cin kuɗi, ɗan takara kan janye bayan an riga an zaɓe shi, kuma wani bincike na masanan Jami'ar Wisconsin a 2014 ya nuna shi kaɗai ba ya ƙara yawan masu fitowa. Idan aka ba da kwana goma amma aka buɗe wuri ɗaya tak a babbar gunduma, an dai ɗauke layin ne daga Talata aka kai shi Asabar. Abubuwa huɗu ke yanke tsawon layi: yawan ranaku, yawan rumfuna, yawan kayan aiki da ma'aikata, da tsawon takardar ƙuri'a. Duka huɗun kuwa mutane ne ke zama su yanke su, watanni kafin ranar.

Mu ma batun bai yi mana nisa ba. Najeriya ta yi ta zaɓenta a rana ɗaya, Asabar, tare da hana zirga-zirga, wanda ke nufin ma'aikatan wucin gadi sama da miliyan ɗaya, da 'yan hidimar ƙasa da jami'an tsaro da 'yan jarida, galibinsu suna wuni a bakin aikin zaɓen da ba su kaɗa ƙuri'a a cikinsa ba. Gana ta ware wa irin waɗannan ranar zaɓe ta musamman kwanaki kafin ta kowa. A 2021 INEC ta ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, karo na farko tun 1996, kuma cunkoso ne dalilin da ta bayar.

Mu da ke koyon rubutu, akwai aikin da ke jiranmu a nan. Sakamakon zaɓe hukuma ce ke ajiye shi, amma babu akwatin da ake jefa sunan wanda ya duba agogo ya fita daga layi. Abin da ya faru a Selma ya iso gare mu ne domin an samu waɗanda suka tsaya a gefe suna rubuta lokaci da adadi. Idan zaɓe ya zo, mu riƙe biro: ƙarfe nawa kayan aiki suka iso, mutum nawa ke layin mata, nawa ke na maza, wa ya fara gajiya ya tafi, me ya kira shi gida.