Kwale-kwale da Filafili: Tarihin Sassaƙa da Tuƙi a Kudancin Lafiya

Kwale-kwale na cikin tsofaffin ababen hawa a ƙasashen da ke kudu da Lafiya. Garin kansa ba a bakin babban kogi yake ba, amma Binuwai ne ya yi wa Jihar Nasarawa iyaka ta kudu a wurare da dama, kuma a cikinsa kogunan jihar irin su Mada da Dep suke zubewa. Tun daga Tunga ta ƙasar Awe har zuwa Loko da Umaisha, kafin a gina gadoji, duk mai son hayewa zuwa ƙasar Tibi ko ta Idoma sai ya biya kuɗin fito.

Sana'ar sassaƙa jirgi ta girmi duk masarautun yankin nesa ba kusa ba, kuma hujjar hakan daga arewa maso gabas ta fito. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani ice mai tauri a zurfin kamar mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Jami'ar Maiduguri, ƙarƙashin Peter Breunig da Abubakar Garba, suka tono shi. Kwale-kwale ne mai tsawon mita 8.4 da faɗin kamar rabin mita, an sassaƙa shi daga ice guda na dangin maɗaci, kuma gwajin da aka yi ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin da aka taɓa tonowa a Afirka da ya kai shi tsufa. Siffarsa ma abin dubawa ce: goshi da wutsiya duk an fiƙe su da kyau, aikin hannun da ya riga ya gaji sana'a. Masuncin Binuwai na yau zai gane shi da kallo ɗaya.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen ice. Maɗaci da kawo suna da tauri, suna jure ruwa da gara, sai dai suna da nauyi kuma suna cin gatari. Rimi da maje suna da sauƙin sara, rimi kuma yana ba da ƙaton gungume, amma jirginsu ba ya ƙarko. Mai kuɗi ya sayi na maɗaci ya yi shekaru da shi, mai ƙaramin ƙarfi ya yi maneji da mai taushi ya riƙa faci. Masassaƙi yakan fi son bishiyar da ke kusa da rafi, don jan gungume a daji aikin gayya ne. Idan an kayar da ita, sai a daidaita gefen da zai zama sama da gatari, a shiga rarake ciki da gizago, wasu kuma su haɗa da wuta su ƙona su kankare.

A wajen kauri ake gane gwani. Ƙasan jirgi ana barinsa da kauri fiye da gefuna, saboda shi ke gogar yashi da duwatsu, kuma nauyin da ke ƙasa shi ke hana jirgi kifewa. Gefuna kuwa a rage su gwargwadon yadda icen zai jure. Babu ma'auni a hannun masassaƙin da. Yana ƙwanƙwasa ice ne ya saurari amonsa, ko ya sa tafin hannu ciki da waje ya ji abin da ya rage. Sara ɗaya da ya wuce kima yana iya ɓata aikin makonni. Daga nan sai a sa 'yan sanduna a gicciye, su riƙe bakin jirgin kada ya tsuke, su kuma zama wurin zama.

Halin Binuwai ne ya tsara sauran siffar. Kogi ne mai fuska biyu. Daga Agusta zuwa Oktoba yana cika ya tumbatsa, ya shafe fadamu. Da rani kuma ya janye ya bar tsibiran yashi, har a wasu wuraren ruwan bai wuce gwiwa ba. Jirgin da zai yi aiki shekara zagaye dole ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda ba ya nutsewa sosai, ga tsawo ga siranta don ya tsaga ruwa da ƙarfin mutum ɗaya ko biyu. Abin da aka samu ta wajen gudu an biya shi ta wajen daidaito. Siririn jirgi ba ya son lodi mai tsayi, ba ya son fasinja mai miƙewa tsaye a tsakiyar kogi.

Kayan tuƙi iri biyu ne. Inda ƙasa take kusa, sanda ake amfani da ita, ta gora ko ta gwangwala: matuƙi ya tsaya a baya, ya kafa ta a yashi, ya tura da nauyin jikinsa. Inda sanda ta daina taɓa ƙasa, sai filafili. Shi ma daga ice guda ake sassaƙa shi, mariƙi da fuska a haɗe, kuma ba a ɗaure shi a jikin jirgi. Wannan rashin ɗauri shi ne sirrinsa. Da shi ake ja, da shi ake juya kan jirgi, da shi ake tsayawa, da shi ake ture gaɓa. Matuƙi yana fuskantar inda za shi, yana karanta launin ruwa don ya gane yashi, yana lura da kututturen da ambaliya ta kawo, a zamanin da kuma yana lura da dorina. Idan zai hau ruwa sai ya bi gefe inda igiya ba ta da ƙarfi. Idan zai haye sai ya fara haurawa sama kaɗan, ya bar ruwa ya sauko da shi mashigi.

Jirgi guda ne, amma aikinsa ba ya ƙirguwa. Da asuba a jefa birgi ko a duba mamari da shi. Ranar kasuwa ya ɗauki doya da banda da tukwane. Da damina ya kai manomi gonar tsibiri. Manyan jiragen fatauci kuwa ana yi musu rumfar tabarma da murhu, iyali su yi makonni a ciki. Jukunawan bakin ruwa, da Agatu, da Basa, da Igbira na ƙasar Panda duk sun yi suna a wannan rayuwa. Daga mahaɗar Lakwaja kuma Kakanda da Nufawa suna haurowa da kaya. A cikin Nufawa akwai Kede, waɗanda sarkinsu Kuta ke zaune a Muregi, kuma fito da dakon kaya a ruwa ne ginshiƙin mulkinsu. Daga baya masunta Hausawa, ciki har da Sarkawan Kabi da Yawuri, suka bazu a kogin suna kafa tungaye, suka zo da sarautun Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi.

A ƙarni na 19 Loko ce ƙofar ruwa ta wannan yanki. Nan hanyar fatake daga Kano da Zariya, wadda ta biyo ta Keffi da Nasarawa, take sauka a kogi. Hauren giwa da fatu da tufafin Kano suna shiga jirgi a nan, kayan Turawa kuma suna fita su hau kan 'yan alaro da jakuna. Gishirin Awe da Keana da Azara shi ma yana da nasa rabon a kasuwannin kogi. Lafiya, wadda ake kira Lafiyar Barebari, ta ga amfanin wannan. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar ciniki zuwa Loko, tafiyar kamar kilomita 90 kudu maso yamma. Matafiyan Turai ma ta nan suka riƙa bi. Bajamushe Paul Staudinger daga Loko ya tashi a 1885 zuwa Zariya da Kano da Sakkwato, Ba'ingile Charles Robinson ma daga nan ya tashi a 1894.

Jirgin hayaƙi ya riga su shiga kogin. A 1854 William Baikie ya hau Binuwai da wani mai suna Pleiad, kuma saboda shan kwinin babu wanda zazzaɓi ya kashe a ayarinsa. Amma jirgin hayaƙi bai kashe kwale-kwale ba, domin watannin cikar ruwa kawai yake iya aiki sosai, kuma ba ya shiga ƙananan rafuka. Abin da ya karya Loko shi ne dogo. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Makurɗi da Lafiya a shekarun 1920, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Fatauci mai nisa ya bar ruwa, kwale-kwale ya koma ga su da fito da kasuwannin ƙauye.

Turawa sun bi wata hanya daban wajen tuƙi, kuma daga can ne na'urar motsa jiki mai kwaikwayon tuƙi ta samo asali. Su sukan ɗora doguwar sandar tuƙi a kan wani maƙali a gefen jirgi, matuƙi ya zauna ya ba wa inda za shi baya, ya ja. Wannan tsari yana ba da ƙarfi a buɗaɗɗen ruwa mai zurfi, amma a kogin da yashi ke sauya wuri kowace shekara, wanda ba ya ganin gabansa bai daɗe ba zai kafe. A Ingila tuƙin ya zama wasa. Jami'o'in Oxford da Cambridge sun fara tserensu a 1829. Wajen 1870 aka shigo da kujera mai zamewa gaba da baya, wadda ta sa cinyoyi suka zama tushen ƙarfi, baya da hannaye suka zama masu ƙarasawa.

Da yake hunturu yana hana 'yan wasa shiga ruwa, sai aka nemi abin da zai kwaikwayi tuƙi a cikin ɗaki. A 1872 W. B. Curtis ya yi rajistar wata na'ura irin wannan a Amurka. Matsalar da ta daɗe tana damun masu ƙira ita ce yadda za a kwaikwayi halin ruwa, wanda ke ƙara turjiya idan aka ƙara ƙarfin ja. Birki da fistan ba su cika yin haka ba. A 1981 wasu 'yan'uwa biyu, Dick da Peter Dreissigacker na kamfanin Concept2 a Jihar Vermont, suka ɗauki ƙafar keke suka maƙala mata 'yan faifan roba, suka haɗa da sarƙa da mariƙi. Iska ce ke turjewa, kuma gwargwadon jan mutum gwargwadon turjiyarta. A 1988 aka fito da WaterRower, wadda ke juya fanka a cikin tankin ruwa na gaske. A shekarun 1980 an kuma cika kasuwa da na'urori masu arha masu fistan biyu, waɗanda ake iya tayar da su tsaye a yi turi da ɗagawa da su, wai na'ura guda ta yi aikin ɗakin motsa jiki duka. Ba su yi ƙarko ba: fistan yana zafi ya saki, kuma jan bai yi kama da tuƙi ba. Masu fanka ne suka tsaya, kuma a kansu ake auna 'yan wasa a tazarar mita 2,000, daidai da tseren Olamfik. Nijeriya ta fara shiga wannan tsere a Rio a 2016, ta hannun Chierika Ukogu. Tseren gida kuwa, irin na Argungu da Yawuri da Pategi, har yanzu da filafili ake yinsa, ana fuskantar gaba.

A Binuwai sauyin da ya fi girma ya zo ne ta ice da inji. Manyan bishiyoyin da za su ba da jirgi daga gungume guda sun yi ƙaranci, don haka kafintoci suka koma haɗa jirgi da katako da ƙusa, a toshe tsagu da tsumma da kwalta, a lulluɓe da gwangwani. Wutsiyar da aka saba fiƙewa aka datse ta don a rataya inji. Jirgin katako yana iya faɗi yadda ake so, yana ɗaukar buhuna da babura, amma yana yoyo ta kowace mahaɗa, kuma inji yana ba mai shi damar yin lodin da hannu ba zai taɓa ja ba. A da ƙarfin matuƙi ne ke iyakance kaya. Yanzu wannan iyaka ta tafi, ba a kuma maye gurbinta da doka mai aiki ba a yawancin mashigai.

A watan Agustan 2023 wani jirgi ya kife a yankin Arikiya na Ƙaramar Hukumar Lafiya, mutum 12 suka rasu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta rigar kariya, sai dai mashigan ƙauye sun fi ma'aikatanta yawa. A shekarar 2023 ɗin ce kuma aka ƙaddamar da gadar Loko zuwa Oweto, wadda ta ɗauke wa masu fito na tsohuwar tashar yawancin fasinjojinsu. Ƙauyukan da ke kan Mada da Dep da tungayen Awe da Doma kuwa, da damina har yanzu kwale-kwale ne hanyarsu ta zuwa kasuwa da asibiti.