John Burridge da Sana'ar Gola Ɗan Ci-rani

A tarihin ƙwallon ƙafa na Birtaniya da wuya a sami mai tsaron ragar da ya sha yawo kamar John Burridge. An haife shi a shekarar 1951 a yankin Workington da ke arewa maso yammacin Ingila, ya fara tsaron raga a ƙungiyar garinsu a 1969, bai rataye safar hannu ba sai a 1997. A tsakanin nan ya sa hannu wa ƙungiyoyi 29, ya buga wasannin lig sama da 760 a Ingila da Sikotilan. Duk wanda ya dubi wannan dogon jeri, abu biyu ne za su fara zo masa a rai: ko dai mutumin bai iya ba, shi ya sa kowa ke sallamarsa, ko kuma ba shi da zama wuri ɗaya. Duka biyun ba su kama gaskiya ba. Yawon gola irin Burridge ya samo asali ne daga yadda aka gina gurbin tsaron raga da kuma dokokin da suka riƙa sauyawa a kansa, kuma aikinsa na shekara 28 ya isa shaida.

Tushen maganar shi ne raga mutum ɗaya take ɗauka. Ɗan wasan baya da ya rasa gurbinsa a tsakiya ana iya tura shi gefe, ɗan gaba yana iya dawowa tsakiya, amma gola ko ya tsaya a raga ko ya zama ɗan kallo, domin ba a sarki biyu zamani ɗaya. A da ma abin ya fi haka tsanani, don babu canji ko kaɗan. A wasan ƙarshe na Kofin FA na 1956, Bert Trautmann na Manchester City ya karye a wuya ana saura kimanin minti 17 a tashi, ya ci gaba da tsaron ragar har aka busa, saboda doka ba ta ba da damar sako wani ba. Sai a 1965 hukumar lig ta amince da canjin mutum ɗaya tak, kuma wanda ya fara shigowa, Keith Peacock na Charlton, golan ƙungiyarsu ya canza bayan ya ji rauni. Peacock kuwa ɗan tsakiya ne, sai da wani ɗan wasan fili ya sa rigar gola ya koma raga. Ba kocin da zai ɓata kujerarsa ɗaya tilo a kan gola, don haka gola na biyu ko benci ba ya samu; yana can yana buga wa 'yan ajiya a filin da ba kowa. Gwanin da aka ƙwace wa raga hanya biyu ce gare shi: ya zauna basirarsa ta ruɓe, ko ya tattara kayansa.

Tattara kayan ma ba a hannun ɗan wasa yake ba sai daga baya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ƙungiyoyin Ingila ke da ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare, daga baya kuma aka ƙara da iyakar albashi da ba mai wuce ta. A 1961 aka soke iyakar albashin, a 1963 ɗan wasa George Eastham ya yi nasara a kotu a ƙarar da ya kai Newcastle kan tsarin riƙewar, sannan a 1978 aka ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare 'yancin tafiya, kwamiti ya yanke kuɗin idan ƙungiyoyin biyu sun kasa daidaitawa. Burridge na cikin zubin farko na golan da suka tarar da ƙofar tana buɗewa. Da a shekarun 1930 ya yi wasa, da mai yiwuwa ya tsufa a ƙungiya biyu ko uku, rabin shekarun a inuwar wani.

In aka bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya har zuwa 1993, za a ga ba inda ya je ya yi zaman banza. Yana ɗan shekara 19 ya tsare wa Blackpool raga ta doke Bologna da ci 2 da 1 a gidanta, ta ɗauki kofin da ƙungiyoyin Ingila da Italiya ke karawa a 1971. A Aston Villa ya ci Kofin Lig na 1977, wasan ƙarshen da sai da aka buga shi sau uku kafin Everton ta faɗi. A shekarar ce Villa ta sayo Jimmy Rimmer, raga ta kuɓuce masa, aka ba da shi aro ga Southend, daga nan ya koma Crystal Palace wajen koci Terry Venables. A kakar 1978 zuwa 1979 ƙwallo 24 kacal aka zura wa Palace a wasa 42, ta lashe rukuni na biyu. Da Venables ya koma QPR a 1980 sai ya janyo golansa. Da matashi Peter Hucker ya karɓe ragar can, Burridge ya wuce Wolves ya taimaka mata ta hau rukunin farko a 1983. Bayan shekara uku a Sheffield United, Southampton ta ɗauko shi a 1987 ya maye gurbin Peter Shilton, har matashin golanta Tim Flowers ya ƙosa. A Newcastle, a wasan neman hawa rukuni da Sunderland a 1990, ya kama fanareti dab da tashi; wanda ya buga, Paul Hardyman, ya biyo ƙwallon da haushi ya shure shi a kai yana kwance, alƙalin wasa ya ba shi jan kati. A 1991, yana da shekara 39, ya ɗaga Kofin Lig na Sikotilan da Hibernian. Abu guda ke ta maimaituwa: ƙungiya na da buƙata ta kira shi, ya yi aikin, sai ta sayo mai tsada ko yaronta ya girma, shi kuma ya ƙi zaman ajiya.

Mai ja zai ce, in har gwani ne, me ya hana shi buga wa Ingila ko sau ɗaya, kuma me ya sa bai taɓa cin babban lig ba? Tambayar na da nauyi, kuma ba wanda zai sa Burridge a sahun manyan goloni irin Gordon Banks. Amma ragar ƙasa ma ɗaya ce, kuma kusan shekara 20 tana hannun mutum biyu: Shilton ya buga sau 125, Ray Clemence sau 61. Manyan ƙungiyoyin da ke cin kofuna 'yan kaɗan ne, kowacce da golanta da zai shekara goma bai motsa ba. Abin da ya rage wa saura shi ne ƙungiyoyin tsakiya masu hawa da sauka, waɗanda ke canza koci a kai a kai, kowane sabon koci kuma da golan da ya yarda da shi. Wanda bai iya ba, sau ɗaya ko biyu ake ruɗuwa a saye shi, labarinsa ya bazu. A ce ƙungiyoyi sun yi shekara 24 suna miƙa wa mutum rigar lamba ɗaya, wannan hukunci ne na masu sana'ar da kansu.

Daga 1993 salon yawon ya sauya, kuma nan ma doka ce a gindinsa. Da aka kafa gasar Firimiya a 1992, an ba kowace ƙungiya damar ajiye mutum uku a benci, dole ɗaya ya zama gola. Nan take aka sami sabuwar kasuwa: ƙungiyar da golanta ya ji rauni na buƙatar gogaggen da zai zo yau ya zauna a benci gobe, na wata ɗaya ko mako biyu. Burridge ya kula da jikinsa fiye da yawancin tsaransa, tun zamanin da 'yan kallo ke dariyar tsalle-tsalle da alkafurar da yake yi a fili kafin a take wasa, abin da yanzu ya zama ɗumama jiki na kowa. Don haka shi aka riƙa kira: Scarborough, Lincoln, Aberdeen, Dumbarton, Falkirk, Darlington da sauransu. A watan Afrilun 1995 Tony Coton na Manchester City ya kasa dawowa bayan hutun rabin lokaci, aka sako Burridge da ke bencinta ya fuskanci Newcastle, ƙungiyar da a lokacin yake horar da masu tsaron ragarta. Aka tashi ba ci. A ranar 14 ga Mayu ya tsare raga a karawa da QPR yana da shekara 43 da kwana 162, ya zama ɗan wasa mafi tsufa da ya buga Firimiya.

A nan masu suka na da gaskiya a abu ɗaya: adadin 29 ya kumbura. Fiye da rabin ƙungiyoyin a shekara huɗun ƙarshe ya shiga, wasu ya buga musu wasa uku ko huɗu, wasu ko sau ɗaya bai tsaya musu a raga ba. Sai dai wannan yana ƙarfafa hujjar ne. Ba halinsa ne ya sauya yana da shekara 41 ba, buƙatar ƙungiyoyi ce ta sauya. Shilton kansa, wanda ba mai shakkar girmansa, haka ya ƙare: Wimbledon, Bolton, Coventry, West Ham, sannan Leyton Orient, inda ya cika wasan lig na 1,000 a Disambar 1996. Zancen rashin amana kuwa, ya kamata a fara tambayar wa ya fara juya wa wani baya. Ƙungiyar da ta sayo sabon gola ta riga ta faɗi matsayinta, ba a kuma cewa ta ci amana. Me zai sa a ɗora laifin a kan wanda ya nemi inda zai yi aikinsa?

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da cewa tsari ne ke tuƙa golan. Hukuncin kotu da ake kira Bosman na Disambar 1995 ya sassauta iyakokin sauya ƙungiya, sai ci-ranin ya tsallaka teku: Bajamushe Lutz Pfannenstiel ya tsare raga a dukkan shiyyoyi shida na FIFA. Burridge ma ya koma Oman yana horarwa, a can ya gano Ali Al-Habsi, wanda ya bi ta Norwe ya isa Bolton da Wigan. Manyan ƙungiyoyi kuma da kuɗi ya yi musu yawa, benci ya faɗaɗa, sai suka daina kiran tsoho na wata ɗaya, suka koma ajiye shi a gida. Scott Carson ya yi shekara shida a Manchester City daga 2019, wasa biyu ya buga, ana ta ɗaga kofuna yana ciki. Ba wanda ke kiran Carson maras zama, ba kuma wanda zai ce ya fi Burridge iya kama ƙwallo saboda ya zauna. Gola iri ɗaya ne dokoki biyu suka ba aiki daban, kuma kafin a auna kowannensu da yawan ƙungiyoyin da ya shiga, sai a fara duba kujera nawa zamaninsa ya tanadar wa wanda ba shi ne na ɗaya ba.