Su Wa Ke Riƙon Amanar Wanda Ba Shi Da Ɗaki?

Kowace damina, in ruwa ya yi yawa, sai ka ji ɗakin wane ya faɗi a Isawan ko a wani ƙauye na ƙasar Mayahi da Tasawa. Da rani kuma gobara ce kan cinye gida da rumbu cikin sa'a guda. Mai ƙarfi yakan sake gini. Amma tsohuwar da ba ta da ɗa, da makaho, da baƙon da bai san kowa ba, ina za su sa kansu? In kuma an tara musu taimako, a hannun wa za a ajiye shi? Wannan tambaya ta daɗe. Bari mu duba yadda mutanen da suka gabace mu suka amsa ta.

Zaure da mai masauki

A ƙasar Hausa, gidan farko na marar gida shi ne zaure. In baƙo ya iso gari da almuru, akan kai shi ƙofar maigari ko ta liman. Maigari ya sauke shi a zaurensa, ko ya haɗa shi da wani magidanci. Wannan magidanci shi ne mai masauki. Shi zai ba baƙo tabarma da ruwa da tuwo. Shi zai ajiye masa kayansa. In baƙo ya yi laifi, mai masauki ake tambaya. In an cuci baƙo, mai masauki ne zai tsaya masa. Ashe tun can akwai mutum sananne da za a riƙe da magana.

A manyan birane irin su Kano da Katsina da Maraɗi, nakasassu suna da nasu shugabanni. Akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare. Sarkin gari ke naɗa su, daga cikin su masu lalurar. In makaho ya zo birni, wurin Sarkin Makafi yake nufa, a nuna masa inda zai kwana. In sadaka ta fito daga fada, ta hannun waɗannan sarakuna take bi. In rigima ta tashi, su ke sulhu. Abin lura a nan shi ne, wanda ke shugabancin mabukata ya san zafin abin a jikinsa.

A karkara kuma akwai gayya. In ɗakin gwauruwa ya rushe, samari su kwaɓa ƙasa, wasu su yanko kara da gamba, kafin kwana biyu ta sami rufi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da Musulunci ya kawo

A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wata rumfa a jikin masallacin Madina. Nan talakawan da suka yi hijira, ba gida ba dangi, suke kwana. Ana kiran su Ahlus Suffa. Abu Huraira yana cikinsu. Mutanen Madina ke ciyar da su.

Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta lissafa mutum iri 8 da ake ba zakka. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana ciki. Masu aikin tara zakkar su ma suna ciki. Ke nan aikin yana da ma'aikata sanannu, kuma an san ladansu.

Sai kuma wakafi, wanda malamanmu ke kira hubusi. Sayyidina Umar ya sami gona mai kyau a Haibara. Ya tsayar da ita saboda Allah: ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gādonta. Amfaninta kawai ake raba wa matalauta da baƙi da matafiya. Mai kula da gonar yana iya ci daga ciki daidai gwargwado, amma ba ya tara dukiya da ita. Umar ya bar wasiyya cewa 'yarsa Hafsa ta riƙe wannan amana a bayansa. Mai irin wannan riƙo shi ake kira naziri. Dukiya tana hannunsa, amma ba tasa ba ce. Ku riƙe wannan magana, don ita ce gindin zancenmu.

Shekarun wuta da ruwa

A 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan daga yamma. Ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta bi ƙauyuka tana sa wuta har kusa da Tasawa. A watan Yuli na wannan shekara sojojinsu suka kashe su biyun. Kaburburansu suna Maijirgi. Waɗanda suka tsira daga garuruwan da aka ƙone sun bazu cikin daji da gidajen dangi. A lokacin babu ƙungiya, babu ofis. Zumunci ne ya rufa musu asiri.

Bayan yunwar 1931, wadda fāri suka haddasa, Nasara suka matsa wa talakawa da rumbun tsimi na dole. Kowane magidanci ya zuba hatsi da kaka, ba a buɗewa sai da izinin hukuma. Tanadi abu ne mai kyau. Amma mutane sun ƙi jinin waɗannan rumbuna, don hatsin nasu ne, iko kuwa yana hannun wanda ba su zaɓa ba.

A 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya tumbatsa. Tsohon birnin yana cikin fadama ne, ruwa ya rushe shi. Jama'a suka wayi gari ba ɗakuna. Hukuma ta tashe su zuwa kan tudu, aka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu. Maraɗin da kuke zuwa kasuwa yau, mutanen da ruwa ya raba da gidajensu ne suka kafa ta.

A 1956 mishan ɗin SIM ya buɗe wurin jinyar kuturta a Danja, kudu da Maraɗi. A wancan zamani mai wannan ciwo yakan rasa wurin zama a garinsu. A Danja ya sami magani, ya sami ɗaki. Daga nan mutanenmu suka fara ganin sabon salo: gida na mabukata wanda ke da ma'aikata, da littafin shiga da fita, da manya a bisa waɗanda ake kai wa lissafi.

Zamanin Samariya

Dattawa ba su manta da farin 1973 da 1974 ba. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. Makiyaya da manoma suka bar gida, suka yi sansani a bakin manyan garuruwa. Ƙasashen waje suka aiko da hatsi. Sai aka yi ta ƙorafi cewa hatsin bai isa bakin mayunwata ba. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da mulkin Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau. Cikin dalilan da suka bayar har da wannan batu na rabon taimako. Ku duba fa, zargin cin amanar mayunwata har gwamnati ya taimaka wajen kayarwa.

Kountché ya farfaɗo da Samariya. Kowane gari da Sarkin Samari da 'yan majalisarsa. Samariya ta gina ɗakunan lakwal, ta yi gonakin gayya, ta sauki baƙi. Amma da yake ƙarfinta daga sama yake zuwa, bayan rasuwar Kountché a 1987 sai ta yi ta yin sanyi.

A 1984 fari ya sake dawowa. Nijeriya kuma ta rufe iyakarta a wannan shekara, shi ya sa mutanen Maraɗi ke kiran yunwar El Buhari. Gidaje da yawa suka watse, maza suka tafi cin rani, mata da yara suka nufi birni. A cikin wannan shekara ce, ranar 1 ga Maris, aka fitar da doka mai lamba 84-06 a kan ƙungiyoyi. Dokar ta ce duk ƙungiyar da ke son hukuma ta san da ita, sai ta rubuta sunanta, da manufarta, da mazauninta, da sunayen masu jan ragamarta. Amfanin wannan a fili yake. In dukiya ta salwanta, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Akwati mai kwaɗo uku

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da wasu matan karkara a jihar Maraɗi. Aka sa wa shirin suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashi ne, wanda mata suka sani tun kaka da kakanni. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanka. Su zaɓi shugaba da ma'aji da masu ƙidaya. Kuɗin yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku dabam dabam, akwatin kuma yana ɗakin wata ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. A ƙidaya da ƙarfi, kowa ta ji. Ƙungiyoyi da yawa sukan ware wani ɗan asusu na jin ƙai, don wadda gobara ko ciwo ko rasuwa ta sama.

Wannan dubara da ta tashi daga ƙauyukan Maraɗi ta bazu cikin ƙasashen Afirka da yawa, har ta ƙetare teku. Matan ba su ce ma'ajinsu ɓarauniya ce ba. Sun dai rufe ƙofar zargi ne, suka hutar da ita, suka hutar da kansu.

A wasu ƙasashe

Turai ma akwai masu kwana a titi. A Faransa wani limamin Kirista, Abbé Pierre, ya kafa ƙungiyar Emmaüs a 1949. Marasa gida ke zaune tare, suna tsintar tsofaffin kaya suna gyarawa suna sayarwa, su ci da guminsu. Ranar 1 ga Fabrairu 1954, cikin tsananin sanyi, ya yi kira a rediyo, mutane suka kawo barguna da kuɗi masu yawa. A Ingila an kafa ƙungiyar Shelter a 1966 don marasa muhalli.

A Ingila irin waɗannan ƙungiyoyi suna da rukuni biyu. Rukuni na farko ma'aikata ne, da shugabansu. Su ke aikin yau da kullum, ana biyan su albashi. Rukuni na biyu amintattu ne. Galibi ba a biyan su ko tamma. Su ke ɗaukar shugaban ma'aikata, su duba lissafinsa, su tsayar da shi in ya kauce. Akwai kuma hukumar gwamnati da amintattun ke kai wa lissafi kowace shekara. Mai kashe kuɗi dabam, mai duba shi dabam. Ai wannan shi ne naziri, shi ne kuma kwaɗo uku, cikin wata riga.

Kwanan baya

A 2019 'yan bindiga suka koro dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Runji. Kafin wata mota ta taimako ta iso, mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne suka buɗe musu zauruka, suka raba tuwo da su. Daga baya gwamnati da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari, suka zauna kusa da 'yan gari.

A daminar 2024 ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar. Jihar Maraɗi tana cikin inda ɓarna ta fi yawa. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa ya faɗi. Mutane da yawa suka fake a ɗakunan lakwal, har aka ɗage komawa karatu zuwa 28 ga Oktoba. Duk inda buhu da tabarma da bargo suka isa, sai an rubuta sunaye, sai an kafa kwamiti. Nan ne tsohuwar tambayarmu ke dawowa.

Abin da za mu ɗauka

To, 'yan'uwa, in aka ce a zaɓi kwamitin taimako a garinku, ku tuna da wannan tarihi. Kada kuɗi da mabuɗi da littafi su taru a hannun mutum ɗaya, ko da liman ne, ko da ɗan maigari ne. Ku sa mace a ciki, don mata suka fi sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Ku sa ɗaya daga cikin waɗanda ɗakinsu ya faɗi, kamar yadda magabata suka naɗa makaho ya shugabanci makafi. Ku yanka wa'adi, shekara biyu ko uku, a sake zaɓe. Mai aiki kullum a yanka masa lada a fili, kada ya yanka wa kansa a ɓoye. Kowane wata a karanta lissafi a dandali: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya karɓa.

Ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci, a nan karatunku zai yi rana. Dā in an kawo takarda, sai dai a dangwala yatsa, ba a san abin da ke ciki ba. Yanzu kuna iya karanta jerin sunaye da kanku. In sunan tsohuwar nan ta bayan masallaci ba ya ciki, ku tambaya cikin ladabi, a gaban jama'a. In kuma ku aka zaɓa, ku rubuta kowane mudu. Ku tuna gonar Umar: tana hannun mai kula, amma ba tasa ba ce.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ruwan ɓarna da gobara, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.