Cukurkuɗewar gashin kare: musabbabi da yadda ake warware ta

Cukurkuɗewar gashi matsala ce ta karnuka masu nannaɗaɗɗen gashi irin su Poodle, ba safai take samun karnukan farauta masu gajeren gashi ba. A yankin Dutsin-Ma da Kurfi, ƙarangiyar da ke bushewa da kaka kan ƙulle gashin, musamman bayan kunne da hammata, inda kaska ke ɓuya har fata ta yi gyambo.

Ana warware ƙullin kafin wanka, domin ruwa na ƙara ɗaure shi. Akan riƙe gindin gashin, a taje da matajin ƙarfe daga baki zuwa tushe. Ƙullin da ya manne da jiki injin aski ake sa masa, saboda almakashi kan yanki fata. Idan akwai rauni, sai a nemi likitan dabbobi.