Baitulmalin En'e a Arewacin Najeriya

Baitulmalin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, shi ne asusun da kowace masarauta a Arewacin Najeriya take zuba rabonta na haraji da jangali da kuɗin kotu da na kasuwa, kuma daga cikinsa take biyan albashi da ayyukan gari, tun farkon zamanin Turawa har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Mai riƙe da shi ana kiransa Ma'aji, a wasu wurare Ajiya. Shi ne kakan sashen kuɗi na ƙaramar hukumar yau, ko da yake hanyar da kuɗi ke shiga cikinsu ta sha bamban ƙwarai.

Kafin zuwan Turawa sarakuna na karɓar zakka da kuɗin ƙasa da jangali, ga kuma kuɗin shuka da kuɗin rafi da kuɗin karofi. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace rijiyar rini kuma wuri 700. Sarautar Ma'aji ma tsohuwa ce. Abin da babu shi ne bango tsakanin aljihun sarki da dukiyar jama'a. Kuɗi na tasowa daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa jakada, daga jakada zuwa hakimin da ke zaune a birni, kowa ya cire nasa ya miƙa saura. Sarki kuma ya ciyar da baƙi da malamai da dogarai da dawaki daga abin da ya iso hannunsa, ya aika da gaisuwa Sakkwato.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi dokar haraji a 1904, ya sake wata a 1906. Manufarsu ita ce a haɗe harajin nan iri-iri su zama guda, a san adadinsu, a raba tsakanin gwamnati da sarki. Galibi rabi da rabi aka yi, sai Sarkin Musulmi da aka bar wa kaso mafi tsoka saboda matsayinsa. Amma rabin sarki nasa ne, yadda ya ga dama yake yi da shi. Don haka ba daidai ba ne a ce baitulmali ya fara da dokar 1906, kamar yadda wasu kan haɗa su wuri ɗaya. Dokar ta tsara karɓa ne, ba ta tsara kashewa ba.

A kan shekarar da aka kafa shi ne maganganu suka rabu. Littattafan makaranta da yawa suna cewa an kafa baitulmali a 1911. Masu rubuta tarihin Kano suna kawo 1909, zamanin Sarki Abbas da Razdan C. L. Temple. Wasu kuma suna kai na Katsina baya har 1908, suna danganta dabarar ga H. R. Palmer da Sarki Muhammadu Dikko. Shekarar 1911 ba ta da ƙarfi a matsayin mafari. Ɗan jaridar nan na Ingila, E. D. Morel, ya zaga Arewa a ƙarshen 1910 da farkon 1911, kuma littafinsa da ya fito a 1911 ya bayyana baitulmalin Kano yana aiki, da Ma'ajinsa da jerin masu albashi. Abin da ya faru a 1911, zamanin Gwamna Hesketh Bell, shi ne gwamnati ta amince da tsarin ta baza shi sauran larduna. Abin da ya fi dacewa a riƙe shi ne: Katsina ta fara gwadawa, Kano ta nuna cewa zai yi aiki a babbar masarauta, 1911 kuma shekarar da ya zama na kowa.

Ba zai yiwu a fahimci baitulmali ba sai an dubi gyare-gyare biyu da suka zo daf da shi. Na farko, fitar da hakimai daga birni. A Kano Razdan Cargill, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya harhaɗa garuruwan da ke warwatse a hannun masu sarauta ya mai da su gundumomi, aka tura kowane hakimi ya je ya zauna a ƙasarsa. Jakadu suka rasa abin yi. Na biyu, awon gona da taki. Malaman taki na taka tsawon gona da faɗinta da ƙafa, su rubuta, a yanka wa mai ita haraji gwargwadon girmanta. A takarda wannan adalci ne. A gona kuwa tsawon takun malami na iya ƙaruwa ko raguwa gwargwadon abin da aka sa masa a hannu, shi ya sa daga baya aka koma awo da sarƙa a gundumomin da ke kewaye da birnin Kano. A mafi yawan Arewa ba a yi taki ba, jimla ake yanka wa gari bisa ƙidayar magidanta da ƙiyasin amfanin gona, dagaci da dattawa su rarraba.

Sabon abin da baitulmali ya kawo shi ne albashi. Sarkin Kano Abbas, wanda a da rabin harajin ƙasarsa ke hannunsa, ya koma karɓar fam 4,800 a shekara. Waziri da Alƙali da Ma'aji da dogarai duk aka yanka musu nasu. Hakimai da dagatai sun ɗan jima suna cire kaso daga abin da suka tara, sannan su ma aka mai da su kan albashi. Albashin alƙali ya fi kowanne muhimmanci ga talaka, domin a da alƙali na ci ne daga abin da shari'a ta kawo. Da aka ce tara da ushirar gado su shiga baitulmali da rasit, an rage masa dalilin karkata, ko da ba a kawar da shi ba.

Aikin shekara kuwa haka yake tafiya. Da damina malaman haraji su bi gari gari suna sabunta sunayen masu biya, a ƙirga shanu a rugage tare da arɗo. A kai jimla birni, Razdan ya amince, sarki ya sanar wa hakimai. Da kaka a fara karɓa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma gwamnati ta dage sai a biya da sule da kwabo maimakon wuri ko hatsi, gyaɗa ta zama abin biyan haraji. Manomi ya kai buhunsa kan sikeli, ya karɓi kuɗi, ya wuce wurin dagaci. Wanda bai noma abin sayarwa ba sai ya sayar da akuya, ko ya ci bashi, ko ya tafi cin rani. Ɗan guntun rasit ɗin da ake ba shi yakan naɗe shi ya cusa a hula ko a laya, domin ɗan doka na iya tare shi a hanya ko a bakin kasuwa ya ce ya nuna. Kuɗin da aka tara a ɗaure su cikin jakunkuna, a ɗora wa 'yan dako ko jakuna, dogarai na rakiya har birni. A gaban Ma'aji a sake ƙirgawa, a ware na gwamnati, saura ya shiga littafi. Fitar kuɗi kuma sai da takardar biya, a ƙananan baitulmali har sai Di'o ya sa hannu.

Da Lugga ya dawo a 1912 bai ji daɗin yadda ya sami abin ba. Yana ganin kuɗi masu yawa sun fita daga ikon gwamna, ya nemi a shigar da kasafin En'e cikin na gwamnati. Temple da Palmer da sauran razdanonin Arewa suka ƙi, ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan kuma bai goyi bayansa ba. Wannan ja-in-ja ita ta yanke makomar Arewa na shekaru hamsin. Da Lugga ya yi nasara, da En'e ta zama reshen gwamnati kawai. Da ya sha kaye, kowace babbar masarauta ta zama ƙaramar gwamnati mai asusunta da ma'aikatanta da 'yan dokarta da gidan yarinta. Sai dai kada a ɗauka sarakuna aka ba 'yanci. Kasafin shekara sai ya bi ta hannun Razdan ya je Kaduna. Wanda ya sami 'yancin gaske shi ne Razdan, domin ya sami kuɗin da zai yi aiki da su ba tare da ya roƙi Legas ba.

A ƙarshen shekarun 1920 aka kasa baitulmali daraja-daraja. Waɗanda aka ce sun kammala tsari, irin na Kano, aka bar musu kashi 70 cikin ɗari na haraji, sannan da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930 gwamnati ta mai da shi 60. A wannan ɗan tsakanin ne En'e ta Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta yi aikin da har yau ake kafa misali da shi: ruwan famfo daga kogin Challawa da wutar lantarki, wanda aka buɗe a 1931, da kuɗin da suka kai kusan sulusin fam miliyan ɗaya, daga asusun masarauta. Asibitin birni, wanda yau ake kira da sunan Murtala Muhammad, shi ma na En'e ne. Haka makarantun elementare da midil, da ɗakunan shan magani na karkara, da rijiyoyin kankare, da hanyoyin rani, da rumfunan kasuwa. Wannan abin alfahari ne na gaske, kuma kuɗin manomi da makiyayi ne suka yi shi.

Amma littafin kasafin yana nuna wani gefen. Kaso mafi girma albashin sarki da hakimai da dagatai da ma'aikatan tsakiya yake tafiya. Rarar da aka tara, maimakon a kashe ta a gida, da yawa an kai ta Ingila an zuba a takardun bashi ta hannun wakilan gwamnati, an kuma ɗebi gudunmawar yaƙin duniya na farko da na biyu daga ciki. Famfo da lantarki a birni suka tsaya, alhali mafi yawan harajin daga ƙauye ya fito. Tsakanin masarautu ma babu daidaito: Kano da Sakkwato da Borno da Katsina na da abin yin aiki, ƙananan En'e kuwa da ƙyar suke biyan albashi. Babban gibin shi ne mai biya ba shi da baki. Babu majalisar da talaka ya zaɓa da za ta tambayi Ma'aji ina kuɗi suka shiga. Turawa sun raba aljihun sarki da asusun jama'a, amma mabuɗin asusun bai taɓa zuwa hannun jama'ar ba.

Wannan ne ya fashe a watan Agusta na 1950. A ranar 8 ga wata aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma a cikin watan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Arewa yana neman a yi wa En'e garambawul. Dokar En'e ta 1954 ta biyo baya, aka samu majalisu da kwamitocin kuɗi, aka riƙa tura malaman baitulmali kwas a Kongo, Zariya. Duk da haka haraji ya zama makamin siyasa, ana iya yanka wa ɗan adawa fiye da ƙarfinsa, in ya kasa a kai shi gaban alƙali.

A 1962 En'e ta Kano, wadda ta fi kowace arziki, ta shiga matsin kuɗi har albashi ya gagara. Gwamnatin Sardauna ta naɗa D. J. M. Muffett ya binciki asusun, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Masu goyon bayan gwamnati sun ce ɓarnar kuɗi ce, Kanawa da yawa sun ce siyasa ce tsakanin Kaduna da Kano. Bayanan biyu ba sa kore juna. Abin da binciken ya tabbatar shi ne gwamnatin Arewa ta gaji ikon Razdan a kan baitulmali, kuma za ta iya tuɓe sarki da shi.

Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya rusa ta gaba ɗaya, ya kafa ƙananan hukumomi 301 a faɗin Najeriya, sarakuna suka koma majalisar masarauta ba tare da asusun mulki ba. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, wasu jihohi suka bi sahu. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, domin sun sha wuya a kansa. Daga nan ƙaramar hukuma ta koma dogaro da rabon da ke zuwa daga asusun tarayya, abin da take tarawa da kanta bai wuce kuɗin kasuwa da tasha da lasin ba.

Yau ƙananan hukumomi 774 ne, 44 daga ciki a Jihar Kano, rabonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari. Tsarin mulkin 1999 ya sa kuɗin su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda gwamnoni ke da iko a kansu. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kada a ba hukumar da ba zaɓaɓɓiya ba ko kwabo.